Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Yadda Masu Gina Manhajar Linux Suka Yi Ƙaura A Shekarar 2005

Ran 6 ga watan Afrilu na shekarar 2005, wani mutumin ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds, wanda ke zaune a jihar Oregon ta Amurka, ya sanar da abokan aikinsa da ke warwatse cikin ƙasashen duniya cewa kayan aikin da suka shekara uku suna dogara da shi ya kusa fita daga hannunsu. Mai kayan ya ce zai karɓi abinsa daga farkon watan Yuli. Watau ke nan ɗaruruwan masana masu rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda yawancinsu ba su taɓa haɗa ido da juna ba, suna da abin da bai cika wata uku ba su nemi inda za su koma da aikinsu.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwansa da rigimar waɗansu Turawa a kan kayan kwamfuta. To, duk wanda ke da wayar Android a aljihu yana ɗauke da aikin mutanen nan, gama a kan manhajarsu ta Linux aka gina ta. Haka kuma tun daga watan Nuwamba na 2017, a jerin kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya babu wadda ba da Linux take aiki ba. Bayan wannan, labarin ƙaurarsu yana da abin lura ga duk ma'aikacin da ofishinsa ke ajiye takardu a cikin manhajar da wani kamfani ya mallaka, da kuma duk ɗalibin da ke koyon wannan sana'a.

Asalin aikin

A cikin shekarar 1991 ne Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya fara rubuta abin da masana ke ɗauka a matsayin zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, watau sashen da ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wurin ajiya, yana kuma shiga tsakaninsu da ƙarafan na'ura. Bai ɓoye rubutun ba, sai ya baza shi ga duk mai son dubawa. A farkon 1992 ya sa shi a ƙarƙashin wani lasin da ake kira GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya tsara. Sharuɗɗan lasin ɗin su ne, kowa yana da ikon ya kwafi manhajar, ya karanta asalin rubutunta, ya gyara ta, har ya sayar, amma in ya ba wani ita to lalle ya ba shi da irin wannan 'yanci da shi ma ya samu.

Wannan ya sa mutane daga ko'ina suka shiga aikin. Wanda ya ga kuskure sai ya rubuta gyaransa a ɗan ƙaramin fayil mai nuna layukan da za a cire da waɗanda za a ƙara. Sunan wannan fayil a wurinsu faci, kamar dai facin tayar keke. Sai ya aika wa Torvalds, shi kuma ya karanta, in ya gamsu ya liƙa shi a jikin babban rubutu. Da haka aka fitar da Linux ta 1.0 a watan Maris na 1994.

Wannan tsari ya yi aiki muddin facin ba su da yawa. Amma da aiki ya bunƙasa, sai abin ya zama kamar ma'aikatar da duk fayil ɗin da ya shigo sai ya bi ta teburin mutum guda, babu rajista, babu akawu mai rubuta ranar shiga da ranar fita. Faci ya riƙa ɓacewa. Mutum zai aika da gyaransa sau uku ko huɗu bai ji amsa ba, bai kuma san ko an ƙi ne ko kuwa ba a gani ba. A shekarar 1998 abin ya kai ga ɓacin rai tsakanin Torvalds da waɗansu manyan abokan aikinsa, har aka ji tsoron jama'ar za ta rabu biyu. A watan Janairu na 2002 maganar ta sake tasowa, sa'ad da wani mai suna Rob Landley ya kawo shawarar a naɗa wa Torvalds mataimaki na musamman mai tattara faci.

Akwai manhajojin rajista tun a lokacin, waɗanda ke ajiye tarihin kowane gyara: wa ya yi shi, yaushe, kuma don me. Wadda ta fi shahara ita ce CVS. Torvalds ya ƙi ta ƙememe. Dalilinsa kuwa, a tsarinta akwai babbar ma'ajiya guda a kwamfuta guda, dole ne kuma a zaɓi waɗanda za a ba izinin rubutu a cikinta, sauran jama'a su zama 'yan kallo. Yana ganin wannan ƙofar siyasa ce da neman fada. Bugu da ƙari, haɗa aikin mutum biyu da suka gyara abu ɗaya a lokaci guda yana da wuya ƙwarai a cikinta.

Kayan aro da sharuɗɗansa

Wanda ya kawo mafita shi ne Larry McVoy, wani injiniya Ba'amurke da ya taɓa aiki a kamfanin Sun Microsystems, ya kuma san irin wannan matsala ciki da waje. Ya kafa kamfani mai suna BitMover a jihar Kalifoniya, ya gina manhajar rajista mai suna BitKeeper. Bambancinta da CVS shi ne, kowane ma'aikaci yana da cikakkiyar ma'ajiya tasa a kwamfutarsa. Zai yi aikinsa ya kammala, sa'an nan ya ce wa na gaba da shi ya jawo daga wurinsa, manhajar kuma ta haɗa ayyukan ba tare da wahala ba. A watan Fabrairu na 2002 Torvalds ya fara amfani da ita, nan da nan kuwa aiki ya ƙara sauri, ƙorafin ɓacewar faci ya ragu.

Amma fa BitKeeper haja ce ta sayarwa, asalin rubutunta a rufe yake. McVoy ya yarda masu aikin Linux su yi amfani da ita kyauta bisa sharuɗɗa, yana kuma da ikon canza sharuɗɗan. Kafin shekarar 2002 ta ƙare an ƙara wani sharaɗi mai cewa duk wanda ke aikin gina wata manhajar rajista da za ta yi gasa da BitKeeper ba shi da izinin amfani da ta kyauta. Ta fuskar ciniki McVoy yana da hujja, don babu ɗan kasuwar da zai so ya ba da kayansa aro ga mai shirin buɗe shago kusa da nasa. Ta fuskar jama'ar Linux kuwa abin ya zama abin kunya: mutanen da suka yi suna wajen rubuta manhaja mai 'yanci, ga su suna ajiye tarihin aikinsu a cikin akwatin da ba su da mabuɗinsa.

Stallman ya yi ta gargaɗi a kan haka. Waɗansu manyan ma'aikatan, cikinsu har da Alan Cox na Birtaniya, suka ƙi taɓa BitKeeper, suka ci gaba da aika faci irin na da. Kamfanin ya buɗe wata hanya da ke kwafe tarihin zuwa CVS domin irin waɗannan mutane, amma masu ƙorafi suka ce kwafin bai ɗauke da dukan bayanan da ke cikin na asali. Shi kuwa Torvalds ra'ayinsa a fili yake: zai yi amfani da kayan aikin da ya fi kyau, ko na wane ne, ranar da masu sukar suka gina wanda ya kai shi sai su zo a yi magana. An shekara uku a haka, aiki yana tafiya, zukata ba su kwanta ba.

Ranar da mai kaya ya zo

Wanda ya zama sanadin rabuwar shi ne Andrew Tridgell na ƙasar Ostareliya, masani mai daraja wanda ya ƙirƙiro manhajar Samba, wadda ke sa kwamfutocin Linux su yi musayar fayil da na Windows. A farkon 2005 ya shiga binciken yadda kwamfutocin BitKeeper ke magana da juna, da nufin ya rubuta wata 'yar manhaja mai 'yanci da za ta iya jawo tarihin Linux daga cikinsu. Kamfanin BitMover ya ɗauki wannan a matsayin cin amana. Tridgell ya ce shi bai taɓa amfani da BitKeeper ba, saboda haka sharuɗɗanta ba su hau kansa ba. A wani taro da aka yi a birnin Kanbera cikin watan Afrilun nan ya nuna wa jama'a yadda ya fara: ya haɗa kwamfutarsa da tasu, ya rubuta kalmar neman taimako, ita kuma ta jero masa umarnin da take karɓa.

Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, Tridgell da Torvalds duk a ƙarƙashin cibiya guda suke aiki a lokacin, watau OSDL, wadda daga baya a 2007 ta haɗu da wata ƙungiya suka zama Gidauniyar Linux. Torvalds ya yi makonni yana ƙoƙarin sasantawa bai yi nasara ba, ya kuma fito fili ya soki Tridgell, yana ganin ya rushe abin da ke aiki ba tare da ya tanadi madadinsa ba. Waɗansu kuma suka goyi bayan Tridgell, suna cewa mutum bai yi laifi ba don ya nemi hanyar karanta tarihin aikin da shi da 'yan'uwansa suka yi da hannunsu. Har yau masana ba su haɗu a kan wanda ya fi gaskiya ba. Abin da ba a gardama a kai shi ne, da ma can yarjejeniyar tana rataye ne a kan yardar mutum guda, ko ba Tridgell ba, wata rana wani dalilin zai tsinka ta.

Gina sabon gida cikin gaggawa

Torvalds ya dakatar da karɓar gyare-gyare, ya duba manhajojin rajista masu 'yanci da ake da su. Wadda ta fi kwanta masa a rai ita ce Monotone, amma ya tarar tana da nawa ƙwarai in aka ɗora mata kaya mai nauyin Linux. Lissafinsa mai sauƙi ne. Yakan karɓi faci wajen 250 a zama ɗaya daga hannun babban mataimakinsa Andrew Morton. In kowane faci zai ci daƙiƙa 30, to aikin zai ci fiye da awa biyu. Shi kuwa yana son kada faci ɗaya ya wuce daƙiƙa 3.

Sai ya zauna ya rubuta tasa. Ya fara ran 3 ga Afrilu, watau tun kafin ya yi sanarwa, kuma ran 7 ga wata sabuwar manhajar ta kai matsayin da ta fara ajiye tarihin kanta. Ya sa mata suna Git, kalmar da a bakin Turawan Ingila take nufin mutum mai wuyar sha'ani, ya kuma yi barkwanci cewa sunan kansa ya sa mata. Ran 16 ga Afrilu ya zuba Linux a cikinta, fayil fiye da 17,000 masu ɗauke da layi wajen miliyan 6.7. Ran 18 ga wata aka yi haɗin rassa na farko. A tsakiyar watan Yuni aka fitar da Linux ta 2.6.12 daga cikin Git, mako biyu kafin wa'adin BitMover ya cika.

Yana da kyau mai karatu ya fahimci yadda Git take aiki, domin a nan ne darasin shekaru ukun nan ya bayyana. Da farko dai, duk wanda ya kwafi aiki daga cikinta ya kwafi tarihin gaba ɗaya, tun daga gyaran farko har na jiya. Babu wata ma'ajiya da ta fi sauran cika. Ma'ajiyar Torvalds ta zama babba ne kawai domin jama'a sun yarda su ɗauke ta a haka. Na biyu, kowane gyara yana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 40, wadda ake lissafo ta daga abin da ke cikin gyaran da kuma lambar gyaran da ya gabace shi. In wani ya koma baya ya canza ko da harafi ɗaya a rubutun shekara biyar da suka wuce, lambar wannan gyara za ta canza, haka ma ta duk waɗanda suka biyo bayansa, kowa kuma zai gani. A misali, kamar littafin rajista ne wanda hatimin kowane shafi yake ɗauke da hoton shafin da ke bayansa, ga shi kuma kowane akawu yana da cikakken kwafinsa a gida. Na uku, Git tana ƙarƙashin lasin GPL, saboda haka babu mai ikon ya zo wata rana ya ce a ba shi abinsa.

Abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Duk mai ƙaura sai ya zaɓi kayan da zai ɗauka. Torvalds bai zuba tarihin shekarun BitKeeper a sabuwar ma'ajiyar ba, ko da yake yana da shi. A bayanin da ya rubuta a gyaran farko ya ce tarihin zai ci wajen gigabait 3.2, wanda zai nauyaya wa sabuwar manhajar tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Saboda haka har gobe, wanda ya buɗe babbar ma'ajiyar Linux zai tarar tarihinta ya fara ne daga 16 ga Afrilu 2005, alhali aikin ya girmi wannan rana da kusan shekara goma sha huɗu. Tsohon tarihin bai ɓace ba, an ajiye shi a wata ma'ajiya dabam domin masu bincike, sai dai mai neman asalin wani tsohon layi dole ya tsallaka can ya nemo.

Abin da bai bari ba shi ne tsarin amana da ke tsakanin mutanen. Tun zamanin BitKeeper aiki ya rabu sassa, kowane sashe da mai kula da shi. Ƙaramin ma'aikaci yana miƙa gyaransa ga mai kula da sashensa, shi kuma ya duba ya miƙa gaba, har ya isa ga Torvalds, wanda ba ya iya karanta kome da kome, sai dai ya dogara da mutanen da ya daɗe da sanin aikinsu. Tun a 2004 ma, bayan da kamfanin SCO ya kai kamfanin IBM ƙara a 2003 yana da'awar an sa rubutunsa cikin Linux, an kafa ƙa'ida cewa duk wanda gyara ya bi ta hannunsa sai ya sa sunansa a ƙarƙashinsa, yana shaida cewa yana da ikon bayar da shi. Torvalds ya gina Git ne daidai da wannan tsari da mutane suka riga suka saba da shi. Wanda ya fi son aika faci irin na da ma ba a hana shi ba, Git tana karɓa. Wannan ne babban dalilin da ya sa jama'ar ba ta watse ba: an canza musu ɗaki, amma kowa ya tarar da maƙwabcinsa na da a inda ya saba ganinsa.

Ba a ce an yi ƙaurar babu wahala ba. Git ta farko tana da wuyar sarrafawa, sai wanda ya ƙware ƙwarai, har wani ɗan ƙasar Cek mai suna Petr Baudis ya rubuta wata manhaja, Cogito, domin ta sauƙaƙa wa mutane amfani da ita. Torvalds kuma bai riƙe ta a hannunsa ba. Ran 26 ga Yuli 2005 ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wani injiniya ɗan ƙasar Japan da ya ga hankalinsa a cikin masu aiko da gyara, shi kuma ya koma kan Linux. Hamano ne ya fitar da Git ta 1.0 ran 21 ga Disamba na shekarar, ya kuma ci gaba da kula da ita har ta cika shekara ashirin a 2025.

An jarraba ƙarfin ginin a 2011. A ƙarshen watan Agusta na shekarar aka gano cewa waɗansu ɓarayin intanet sun kutsa cikin manyan kwamfutocin da ake rarraba Linux daga cikinsu, aka rufe su fiye da wata guda ana bincike. Aiki bai tsaya ba, Torvalds ya ɗora ma'ajiyarsa a wani wuri na wucin gadi aka ci gaba. Tsoron ko an cusa wani mugun abu a cikin rubutun kuwa bai daɗe ba, tun da yake dubban mutane suna da cikakken kwafi, lambobin shaida kuma za su tona duk wani canji.

Ƙaurar da aka yi a natse

Domin a ga ɗaya fuskar al'amarin, sai a dubi jama'ar da ke gina harshen kwamfuta na Python, wanda Guido van Rossum na ƙasar Holan ya ƙirƙiro, wanda kuma ɗalibai da yawa ke fara koyon sana'ar da shi. Su ba wanda ya kore su, amma sun yi ƙaura sau uku: daga CVS zuwa Subversion a 2005, daga nan zuwa Mercurial a 2011, sa'an nan zuwa Git a 2017. Ita Mercurial ɗin ma 'yar wannan rikici ce, domin a watan Afrilu na 2005 aka sanar da ita da niyyar ta maye gurbin BitKeeper.

Al'adar mutanen Python ita ce duk wani babban canji sai an rubuta shi a takardar shawara mai lamba, an bayyana dalili da matakai, an saurari masu suka. Ƙaura ta ƙarshe Brett Cannon ne ya jagorance ta. An yanke shawara a farkon 2016, amma ba a tashi ba sai watan Fabrairu na 2017. Dalilinsu shi ne sababbin masu son taimakawa duk Git suka iya, gyare-gyare kuma suna taruwa babu isassun masu dubawa. Rajistar matsaloli da ƙorafe-ƙorafe kuwa, wadda ta ƙunshi dubban bayanai na shekaru masu yawa, sun bar ta a tsohon wurinta har zuwa watan Afrilu na 2022. Sun gane cewa kwashe rubutun manhaja abu ne mai sauƙi, amma kwashe bayanan da ke nuna dalilin da ya sa aka yanke kowace shawara, da sunan wanda ya faɗi me, shi ne aikin da ke bukatar haƙuri.

Sabon gidan haya

Ƙarshen labarin yana da ban mamaki. Git, wadda aka rubuta cikin gaggawa domin biyan bukatar jama'a guda, ta zama abin da akasarin masu rubuta manhaja a duniya ke amfani da shi. Kamfanin Microsoft, wanda shugabansa na lokacin ya taɓa kwatanta Linux da ciwon daji a 2001, ya mai da rubutun Windows cikin Git a 2017, fayil wajen miliyan 3.5. BitKeeper kuwa kasuwarta ta ja baya, har a 2016 masu ita suka buɗe asalin rubutunta ga kowa, a lokacin da jama'a suka riga suka yi nisa. Ita Linux a farkon 2025 ta haura layi miliyan 40, ana fitar da sabuwa kusan kowane mako tara ko goma, da hannun mutum wajen 2,000 a kowace fitowa.

Sai dai tsohuwar matsalar ta dawo da sabuwar riga. A 2008 aka buɗe kamfanin GitHub, wanda ke ajiye wa mutane ma'ajiyoyinsu na Git, yana kuma ba su wurin duba aikin juna da rubuta matsaloli. Saboda sauƙinsa jama'a suka yi tururuwa zuwa can, har da mutanen Python. A 2018 Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 7.5. Git mai 'yanci ce, amma GitHub na masu shi ne, yana kuma ƙarƙashin dokokin Amurka. A 2019 an taƙaita wa masu amfani da shi a Iran da Siriya da yankin Kirimiya waɗansu ayyuka saboda takunkumin gwamnatin Amurka, ba a sassauta wa mutanen Iran ba sai a farkon 2021. Kafin wannan, kamfanin Google ya rufe irin wannan wuri nasa a 2016, kamfanin da ke da Bitbucket kuma ya daina ajiye ma'ajiyoyin Mercurial a 2020, duk wanda bai kwashe kayansa ba ya yi asara ko ya dogara da masu ceto. Mutanen Linux, da yake maciji ya taɓa sarar su, har yanzu babbar ma'ajiyarsu tana kan kwamfutocin da ke hannunsu.

Ba a ce aro haramun ne ba. Shekaru ukun da aka yi da BitKeeper sun amfani Linux, a can ne ma Torvalds ya koyi irin tsarin da ya gina Git a kai, shi da kansa kuma bai taɓa musun haka ba. Abin da ya cece su shi ne, ranar da mai kaya ya zo, rubutunsu yana hannunsu, mutanensu sun san juna, a cikinsu kuma akwai wanda zai iya gina madadi cikin mako biyu. Ma'aikatu da makarantu kaɗan ne ke da irin wannan gata.

Saboda haka, jami'in da aka kawo wa takardar kwangilar wata manhaja da za a zuba bayanan albashi, ko na filaye, ko sakamakon jarrabawa a cikinta, ya kamata kafin ya sa hannu ya nemi amsar waɗansu tambayoyi a rubuce. In kamfanin ya rufe, ko ya ninka kuɗinsa, ta wace hanya za a fitar da bayanan, kuma a wane irin fayil da wata manhajar za ta iya karantawa? Shin tarihin wanda ya canza me, da ranar da ya canza, zai fito tare da su? Wa ke da ikon canza sharuɗɗan, kuma wa'adin kwana nawa zai bayar? Akwai cikakken kwafi a hannun ma'aikatar, kuma yaushe aka gwada buɗe shi? Ɗalibin da ke ajiye aikinsa a GitHub shi ma ya riƙe cikakken kwafi a kwamfutarsa, Git ta riga ta sauƙaƙa masa wannan. Mutanen Linux wa'adin kusan wata uku aka ba su, ba kowane mai kaya ne zai ba da ko rabin haka ba.